Fitilun jirgin da mutum ya ƙera da hannunsa: wa ke amincewa da su, kuma da wane ma'auni?

Mutumin da ya ɗaura aniyar ƙera ƙaramin jirgin sama da hannunsa yakan share shekaru yana haɗa fukafukai, yana ɗaura inji, yana jan wayoyi, kuma galibi fitilu ne abu na ƙarshe da ke faɗo masa a rai, domin a ido ba su wuce 'yan ƙwayaye uku ko huɗu da za a liƙa a bakin fiffike da kan jela ba. Ranar da ya buƙaci tashi bayan faɗuwar rana, ko tafiya ta ja shi har duhu ya riske shi a sama, ranar ce zai gane cewa waɗannan 'yan ƙwayaye suna da doguwar doka a kansu, kuma waɗanda suka rubuta ta jiragen kamfani suke hange, waɗanda hukuma ta riga ta tantance zanensu tun daga hanci har jela. Daga nan ruɗanin yake tasowa, kuma ya cancanci a warware shi a tsanake, saboda wanda ya fi kowa buƙatar fitilar jirgi shi ne wani matuƙin da ke tahowa cikin duhu bai san akwai kowa a gabansa ba.

A Amurka wannan harka ta fi ƙarfi, don haka da tsarinta ya dace a fara. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a Milwaukee a 1953, kuma take tara dubban jirage a garin Oshkosh duk shekara, ita ce uwar masu ƙirar gida, kuma irin waɗannan jirage da ke da rajista a ƙasar sun haura 30,000. Kamfanin Van's kaɗai, mai sayar da sassan da mutum zai haɗa da kansa, jiragensa fiye da 10,000 sun riga sun tashi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, tana ba irin wannan jirgi takardar shaidar cancantar tashi ta musamman a rukunin jiragen gwaji, bisa sashe na 21.191 na dokokinta, da sharaɗin cewa masu sha'awa ne suka yi mafi yawan aikin domin ilimi ko nishaɗi, abin da masu harkar ke kira ƙa'idar kashi 51. Jirgin ba shi da takardar tantance zane irin wadda Cessna ko Piper ke samu kafin su fara sayar da wani samfuri, don haka babu kundin da ya ce ga fitilar da za a sa, ga kuma inda za a sa ta. Abin da ake yi shi ne, sufeton hukuma ko wakilin da ta ba izini yakan miƙa wa mai jirgin wata takarda ta sharuɗɗan aiki tare da shaidar, kuma dole takardar ta kasance cikin jirgin duk lokacin da ya tashi. Maganar fitilu gaba ɗaya a kan wannan takarda take rataye.

Sashe na 91.205, wanda ya lissafa kayan da jirgi ke buƙata da rana da dare da kuma cikin gajimare, a kan jiragen da ke da shaida ta yau da kullum kawai yake magana. Da a nan aka tsaya, da jirgin ƙirar gida ba ruwansa da shi. To amma takardar sharuɗɗan aiki tana ɗauke da wata jimla mai cewa, bayan kammala zangon gwaji na farko, jirgin zai riƙa tashi ne da rana kawai, cikin yanayin da ido ke gani, sai fa in an sa masa kayan da suka dace da tashin dare bisa sashe na 91.205. Da wannan jimla guda aka jawo dokar jiragen kamfani aka ɗora ta a kan jirgin gida. Zangon gwajin kuwa shi ne awanni 40 na farko, ko 25 idan inji da farfela haɗi ne da hukuma ta riga ta tantance, waɗanda ake yi a wani yanki da aka keɓe, kuma tun 2023 akwai zaɓin bin jerin gwaje-gwaje maimakon ƙirga awanni. A wannan zango babu tashin dare, komai kyan fitilun da aka sa. Da yake lafazin takardar ya sha sauyawa cikin shekaru, kowane mai jirgi tasa takardar zai karanta, kada ya dogara da abin da ke rubuce a ta abokinsa.

Kayan dare da sashen ya lissafa ba su da yawa. Bayan duk kayan rana, ana buƙatar fitilun nuna matsayi, wato ja da koriya da fara masu nuna inda jirgi ya fuskanta, da aka amince da su, da fitilar kauce wa karo, ja ko fara, wadda ita ma aka amince da ita, da tushen wutar lantarki da zai wadatar da na'urori da rediyo, sai kuma fiyus na ko-ta-kwana a inda hannun matuƙi zai kai yana cikin tafiya, ko dai cikakken saiti ɗaya ko uku-uku na kowane iri. Fitilar sauka, wadda yawancin mutane za su zata ita ce kan gaba, ba a wajabta ta ba sai ga jirgin da ke aikin haya, kuma dama an hana jirgin ƙirar gida ɗaukar mutane ko kaya don kuɗi. Ke nan a takarda mutum na iya sauka cikin dare ba tare da ita ba. A ganina nan wuri ne da bai kamata a tsaya ga mafi ƙarancin abin da doka ta nema ba, domin dabba na iya tsayawa a tsakiyar titin sauka, fitilun fili na iya mutuwa, kuma a irin wannan lokaci fitilar sauka ce kaɗai idon matuƙi. Duk da haka wannan rabe-rabe yana nuna inda hankalin masu dokar yake: sun fi tsanantawa a kan fitilun da ke sa a ga jirgi fiye da waɗanda matuƙinsa ke gani da su, saboda na farkon sun shafi rayukan mutanen da ba su zaɓi hawa jirgin gwaji ba.

Shi kansa daren ba guda ɗaya ba ne a dokar. Sashe na 91.209, wanda ya hau kan kowane jirgi ko na kamfani ko na gida, ya ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta ba a tashi sai fitilun nuna matsayi suna kunne. Dare a ma'anar da sashe na 1.1 ya bayar kuwa ba ya farawa sai shafaƙi ya ɓace, lokacin da rana ta nutse da digiri 6 bayan faɗuwarta. Tsakanin waɗannan lokuta biyu akwai 'yan mintuna da sama ke da sauran haske, ana ganin ƙasa sarai, amma jirgin da ba shi da fitilu ya riga ya fita daga doka. Akwai kuma ma'auni na uku da ya shafi matuƙin da zai ɗauki fasinja, wanda ke farawa awa ɗaya bayan faɗuwar rana. Sashe na 91.209 ya ƙara wani abu da ake yawan mantawa: jirgin da ke da fitilar kauce wa karo dole ya kunna ta, ko da tsakar rana ne, sai in matuƙi ya ga kashe ta ya fi aminci a halin da ake ciki.

Ƙullin gaske yana cikin sharaɗin nan na cewa sai fitilar da aka amince da ita. Bisa sashe na 1.1, amincewar da ake nufi ta FAA ce ko ta wanda ta wakilta. Ga jirgin kamfani abin ba wuya, domin fitilar tana cikin zanen da aka tantance, kuma galibi tana da izinin da ake kira TSO, wanda hukuma ke ba kamfanin da ya nuna cewa kayansa sun cika mafi ƙarancin ma'auni kuma yana iya ƙera su iri ɗaya ba tare da sauyi ba. Na fitilun matsayi shi ne TSO-C30, na fitilar kauce wa karo kuma TSO-C96. Jirgin gida kuwa ba shi da zanen da aka tantance, kuma babu wani fom da aka saba cikewa a aika domin a buga wa fitilarsa hatimi ita kaɗai.

A nan masu harkar suka kasu biyu. Wasu suna ganin tunda an ce sai abin da hukuma ta amince da shi, to fitila mai TSO ce kawai ke fitar da mutum daga shakka. Wasu kuma, waɗanda ra'ayinsu ya fi yaɗuwa a aikace, suna ganin abin da ake nema shi ne fitilar ta cika ma'aunin haske da launi da kusurwa da aka shimfiɗa wa ƙananan jirage a kashi na 23 na dokokin, kuma wanda ya ƙera jirgin, da yake shi ne ke matsayin kamfani, shi zai tabbatar da hakan ya kuma iya nunawa in an tambaye shi. Kasuwa ma ta bi wannan fahimta, domin kamfanoni irin su Whelen da AeroLEDs suna sayar da fitilu iri biyu, masu takardar hukuma da waɗanda aka yi domin jiragen gwaji, na biyun sun fi araha. Sufetoci kuwa ba bakinsu ɗaya ba, wani yakan tambayi takarda, wani yakan duba kawai ko fitilun suna kamawa. Saboda haka abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne mutum ya tambayi wanda zai duba jirginsa tun kafin ya huda fiffike, ya kuma nemi bayanan gwaji a rubuce daga kamfanin da ya sayar masa da fitilar. Talla mai cewa fitila ta cika ko ta zarce ƙa'ida, ba tare da jadawalin awo ba, ba ta isa hujja ba.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu sukan tsallake, wanda a wurina ya fi gardamar tasu nauyi. Izinin TSO shaida ce a kan fitilar yadda ta fito daga kamfani, bai ce komai ba a kan yadda aka ɗaura ta. Fitila mai cikakkiyar takarda, idan aka cusa ta cikin ramin bakin fiffike har bango ya tare mata gefe, ta faɗi jarrabawa kamar yadda ta bogi za ta faɗi. Ma'aunin da doka ta kafa na hasken da ke fita daga jirgin ne bayan an gama ɗaura komai, don haka dole a san alƙaluman.

Fitilun nuna matsayi uku ne: ja a fiffiken hagu, koriya a fiffiken dama, fara a baya. Ja tana haska daga gaba sak zuwa digiri 110 ta hagu, koriya haka ta dama, fara kuma tana rufe digiri 140 da suka rage a baya, 70 ta kowane gefe, jimla 360. Daga jiragen ruwa aka gaji wannan tsari, inda ƙa'idojin teku na 1972 suka ba fitilun gefe digiri 112.5 kowace, ta baya kuma 135. Ƙarfin hasken ba ɗaya ba ne a ko'ina. Daga gaba sak zuwa digiri 10 ana son aƙalla kandela 40 (kandela ma'aunin ƙarfin hasken fitila ne), daga 10 zuwa 20 kandela 30, daga 20 zuwa 110 kandela 5 kacal, ita kuwa fara ta baya kandela 20. An fi zuba haske a gaba saboda nan ne lokaci ya fi ƙuracewa. Jirage biyu da ke fuskantar juna, kowanne yana gudun kilomita 250 a awa, suna cinye tazarar kilomita 3 cikin daƙiƙa 22 ko ƙasa da haka kaɗan, alhali FAA ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu zuwa lokacin da jirginsa ya kauce ana buƙatar daƙiƙa 12.5. Fitilar da ta rage haske da rabi tana cin wani yanki na wannan ɗan lokaci.

Launukan kuwa saƙo suke isarwa. Matuƙin da ya hango ja ita kaɗai a gabansa ya san gefen hagu na wani jirgi yake kallo, wanda ke ratsawa daga damarsa zuwa hagunsa, kuma a ƙa'idar hanya jirgin da ke dama shi ke da haƙƙin wucewa. Wanda ya hango fara kawai ya san bayan jirgi yake bi. Wanda ya ga ja ta damarsa da koriya ta hagunsa a lokaci guda ya san ana nufo shi kai tsaye. Wannan ya sa dokar ba ta tsaya kan mafi ƙarancin haske ba, ta kuma ƙayyade iyakar abin da aka yarda ya malala zuwa yankin wata fitilar: koriya ba za ta wuce kandela 10 ba idan ta ɗan tsallaka yankin ja, kuma in an yi nisa da iyaka ba za ta wuce kandela 1 ba. Fitilar da ta yi haske ainun amma take watsuwa ko'ina tana iya faɗa wa wani matuƙi ƙarya game da inda jirgin ya dosa. Su ma launukan ba a bar wa ido hukuncinsu ba, an ƙayyade su da lambobi a taswirar launuka ta ƙasa da ƙasa, ta yadda ja ba za ta karkata zuwa ruwan lemo ba, koriya kuma ba za ta koma rawaya-rawaya ba.

Fitilar kauce wa karo, wato mai walƙiya, tata ƙa'idar ta fi tsauri. Za ta walƙa tsakanin sau 40 zuwa 100 a minti ɗaya, inda kuma hasken fitilu biyu ya haɗu ba zai wuce sau 180 ba. Ma'aunin ya sha ɗagawa. Daga 1957 ana neman kandela 100 da rufe digiri 30 sama da ƙasa, a watan Agusta na 1971 aka ɗaga ƙarfin zuwa kandela 400, a 1977 kuma aka faɗaɗa rufin zuwa digiri 75 sama da ƙasa, da ragin ƙarfi a hankali yayin da ake nesa da tsakiya. Jirgin kamfani yana bin ma'aunin zamanin da aka tantance zanensa. Jirgin gida ba shi da irin wannan rana da zai fake da ita, don haka hankali ya fi kwanciya da ya ɗauki na baya-bayan nan. Kandela 400 ɗin ma ba ƙololuwar haske ake nufi ba. Ido ba ya ba walƙiya gajera cikakken haƙƙinta, shi ya sa ake amfani da lissafin da wasu masana biyu, Blondel da Rey, suka fitar tun 1911, wanda ke haɗa ƙarfin walƙiyar da tsawon lokacinta. Fitilar da ke kashe ido daga kusa tana iya gaza kai wa 400 idan walƙiyarta ta yi gajarta da yawa. A 2017 an sake rubuta kashi na 23, aka cire waɗannan jadawaloli aka bar manufa a dunƙule a sashe na 23.2530, cikakkun alƙaluma kuma suka koma ƙa'idojin masana'antu, amma tsofaffin jadawalolin su ne har yanzu masu ƙirar gida ke buɗewa in za su auna aikinsu.

Inda aka fi samun tangarɗa shi ne wurin ɗaurawa. Jiragen gida masu sauri sukan ɓoye fitilu cikin wani rami a bakin fiffike, a rufe da murfin roba mai garai-garai domin kada su ja iska. Murfin yana rage haske kaɗan yana sabo, yana ƙara ragewa idan ya tsufa ya yi hazo, bangon ramin kuma yakan yanke hasken kafin ya kai digiri 110, ya kuma toshe walƙiya ta baya gaba ɗaya. Maganin da aka saba shi ne a ƙara fitila ta uku a jela mai haɗa fara da walƙiya. Wasu kuma sukan sa fararen fitilu biyu masu kallon baya a bakin fukafukai maimakon ɗaya a jela, abin da doka ta yarda da shi, da sharaɗin a tabbatar jikin jirgin ko jelarsa ba su haifar da inuwa ba.

Ana iya gano yawancin wannan a rumfar ajiye jirage cikin dare ɗaya. A daidaita jirgin yadda yake zama a sama, a saki zare mai nauyi daga fitilar zuwa ƙasa, a ja layi da alli daga nan zuwa gaba daidai da tsawon jirgin, sannan a shata digiri 10 da 20 da 110. A rufe sauran fitilu da baƙin ƙyalle, a tsaya da na'urar auna haske a nisan mita 3, a daidai tsayin fitilar. Lambar da na'urar ta nuna a luks, wato ma'aunin hasken da ya sauka a kanta, idan aka ninka ta sau 9, ita ce kandela, ke nan a gaba sak ana neman wajen luks 4.4, a gefe kuma ɗan sama da rabin luks. Wanda ya bi layin allin a hankali yana kallon na'urar zai ga daidai inda lambar ta faɗi warwas, sau da yawa tun kafin a kai alamar 110, kuma in ya ɗaga kai zai ga leɓen murfi ko kan wata ƙusa ne ya tare hasken. Sai dai wannan awo yana da iyaka. Na'urori masu araha sukan yi kuskure a kan jan hasken LED, ba sa iya auna walƙiya, kuma ba sa faɗin ko launi ya faɗa cikin iyakarsa. Ya kamata a bar fitilar ta yi zafi kafin a auna, domin jar LED tana raguwa idan ta ɗumama. FAA tana da takardar jagora ta 1971 mai lamba 20-74 kan yadda ake wannan awo. Awon gida ba zai maye gurbin ɗakin gwaji ba, amma yana tona inuwa, kuma inuwa ce aibin da takardar kamfani ba za ta taɓa nunawa ba.

Fitilun LED sun sauƙaƙa maganar wuta matuƙa. Tsohuwar fitilar sauka mai wat 100 ita kaɗai tana jan amfiya 7 zuwa 8, nauyi ne babba ga ƙaramar altaneta, musamman da yake jagorar FAA ta shawarci kada nauyi mai ɗorewa ya wuce kashi 80 cikin 100 na abin da take bayarwa. Sai dai sun zo da nasu ciwon. Na'urar da ke daidaita musu wuta tana kunnawa tana kashewa da saurin gaske, kuma in ba a tace ta da kyau ba takan watsa ƙara a zangon rediyon jirage, tsakanin megahaz 118 da 137. Alamarsa ita ce rediyo ya riƙa shuu da zarar an kunna fitila, ko kuma, abin da ya fi haɗari, ya yi shiru amma ya daina kama muryoyi masu nisa. Gwajin mai sauƙi ne: a kamo tasha mai rauni, kamar sanarwar yanayi ta wani fili mai nisa, a riƙa kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya ana saurare, ana kuma kallon kamfas ko zai motsa. Tsofaffin fitilun walƙiya na gas kuwa suna aiki da ɗaruruwan bolt, suna buƙatar waya mai sulke, kuma suna riƙe caji na ɗan lokaci bayan an kashe su.

Sai maganar idon matuƙin kansa. Walƙiyar da ke dawowa daga saman fiffike, ko ta bugi farfela, ko ta cika gilashin mazauninsa, tana kashe masa ganin dare, cikin hazo ko gajimare kuma tana iya juya masa kai. Ɗan ƙaramin shinge a gefen fitila yakan magance na farko, muddin bai toshe inda ake son hasken ya kai ba. Na biyun kuwa shi ya sa ya dace fitilar walƙiya ta sami makunninta daban da na fitilun matsayi, domin a iya kashe ta a bar sauran.

Idan aka zo ga takardu, abin ya fi sauƙi fiye da yadda ake tsammani. In an sa fitilun tun wajen ƙira, sufeto zai gan su ranar duba jirgin, kuma jimlar da ke cikin sharuɗɗan aiki ita ce ke buɗe ƙofar dare da zarar an rufe zangon gwaji a littafin jirgin. In daga baya aka sa su, galibi ba sai an koma wurin hukuma ba: a rubuta aikin a littafin, a gyara lissafin nauyi da daidaito, a ajiye bayanan gwaji. Sai fa in aikin ya kai abin da sashe na 21.93 ya ɗauka babban sauyi, wato wanda ya taɓa nauyi, ko ƙarfin jiki, ko yadda jirgin ke tafiya, kamar a yanke babban rami a gaban fiffike domin fitilar sauka ba tare da bin zanen mai tsara jirgin ba. A nan sharuɗɗan aiki sukan buƙaci a sanar da ofishin hukuma na yankin, a kuma koma zangon gwaji na aƙalla awanni 5. Wanda ya sayi jirgin gida daga hannun wani shi ya fi buƙatar lura, domin ya gaji hukuncin da wani ya yanke, kuma ganin fitila tana kamawa bai nuna ta taɓa cika ma'auni ba.

A Birtaniya hanyar daban ce. Can jiragen gida suna tashi ne da takardar izinin tashi, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato CAA, ta damƙa kula da yawancinsu ga ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA mai hedkwata a filin jirgin Turweston, wadda kafin 2008 ake kira PFA. Shekaru da dama waɗannan jirage da rana kawai suke tashi, komai kayan da ke jikinsu. A 2016 aka buɗe ƙofar neman izinin dare da na tashi cikin gajimare, amma jirgi ɗai-ɗai ake dubawa, kuma fitilu ɓangare ne kawai na binciken, domin ana kuma duba yadda jirgin ke tuƙuwa, da amincin injinsa, da abin da zai faru idan wutar lantarki ta ɗauke. Gyaran da ya kauce wa zanen da aka amince da shi ma yakan bi ta hannun injiniyoyin ƙungiyar da sufetonta. Hanyar ta fi cin lokaci da kuɗi, amma mai jirgi yana ƙarewa da takarda a hannu mai cewa an ɗage masa takunkumin. Tsarin Amurka ya fi ba da 'yanci, sai dai ya bar mutum da nauyin tabbatar da abin da ba lallai wani ya taɓa aunawa ba, kuma tambayar takan taso ne bayan an yi hatsari, daga mai bincike ko kamfanin inshora. Ni na fi ganin amfanin a ɗauki 'yancin na Amurka a haɗa shi da tsantsenin na Birtaniya, wato mutum ya tara hujjarsa a rubuce ko da babu wanda ya nema.

Wanda ke shirin tsallaka iyaka da jirginsa yana da ƙarin mataki guda. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta wajabta wa ƙasashe karɓar shaidar cancantar tashi ta juna ne kawai idan ta cika ma'aunin hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa da ƙasa, wato ICAO, kuma shaidar jirgin gwaji ko izinin tashi na jirgin gida ba su cikin wannan rukuni. Saboda haka sai ƙasar da za a shiga ta ba da izini nata, kuma tana da ikon gindaya sharuɗɗanta, ciki har da taƙaita tashi ga rana kawai, ko da jirgin yana da cikakken izinin dare a ƙasarsa.